Matsuwar fitsari ta hana mahaifiyata sakat, magani kuma ya ƙi ci

Abban Khadija, Gwammaja

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa ilimin lafiya a wannan zaure, da kuma waɗanda suka taɓa ganin irin wannan larura a gidajensu. Mahaifiyata ta haura shekara 60, tana da hawan jini wanda take shan magani a kansa, amma ban da shi lafiyarta ƙalau, da ƙafarta take zuwa ko'ina. Abin da ya dame mu shi ne fitsarin da yake matso ta ba zato ba tsammani, matsuwar da ba ta barinta ko ta ɗauki buta a tsanake, kuma sau da yawa kafin ta kai banɗaki ya riga ya zubo. Idan ta je ɗin ma ɗan kaɗan take yi, ba a jima ba kuma ya sake dawowa. Da dare kuwa barcinta ya zama rabi da rabi, domin da ta fara nisa sai ya tashe ta, ga shi banɗakin gidan a tsakar gida yake, sai ta lallaɓa da fitila.

Larurar ta canza mata rayuwa ta hanyar da ba kowa zai lura ba. Hajiya mace ce da ba a biki ko ta'aziyya a dangi ba tare da ita ba, amma yanzu ko gidan suna aka gayyace ta sai ta kawo uzuri, ta daina zuwa Islamiyyar matan aure da ta daɗe tana zuwa, kuma a azumin da ya wuce ba ta je tarawihi masallaci ba saboda tsoron abin da zai faru da ita a cikin sahu. Ta kuma rage shan ruwa sosai, har a tsakiyar zafin bazara. Ni ɗanta ne namiji, don haka ba daga bakinta na ji ba. Ƙanwata ce ta gane daga yawan wankin zannuwa, ita ce ta sanar da ni.

Mun je wurin mai kemis na unguwa ya ce sanyi ne, ya haɗa mata kafso da allurai, ta gama babu canji. Mun je wani asibitin kuɗi, aka sake cewa ciwon sanyi ne, aka sake rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, duk da cewa takardar gwajin fitsarin ba ta nuna komai ba. Wata 'yar'uwa ta kawo sassaƙe, wata ta ce a gwada hayaƙi. Tambayata ita ce: shin wannan ciwo ne da likitoci suka sani, ko kuwa tsufa ne kawai da sai haƙuri? Idan yana da magani, a wane irin asibiti ake nemansa a nan Kano?

Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa. Ba a yanke hukunci a kan marar lafiyar da ba a gani ba, amma abin da ka bayyana ya yi kama ƙwarai da larurar da mafitsara ke matsewa da kanta tun ba ta cika ba. Mafitsarar babban mutum tana iya riƙe kimanin mililita 400 zuwa 600, wato kusan ledar fiyawata guda, kuma tsokar da ke jikinta ba ta matsewa sai mutum ya shirya ya ba ta dama. A wannan larura tsokar tana yin gaban kanta, ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon gaggawa alhali abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Tun a shekarar 2002 ƙungiyar masana harkar riƙe fitsari ta duniya ta tsayar da siffarta: matsuwa ta gaggawa, ko da zuba ko babu, galibi tare da yawan zuwa banɗaki da rana da tashi da dare, matuƙar ba a sami ƙwayar cuta ko wani dalili bayyananne ba. Ana ɗaukar zuwa fitsari fiye da sau 8 a yini da kwana a matsayin yawa. Ba kuma baƙon abu ba ne, domin wani babban bincike da aka wallafa a 2006, wanda aka gudanar a Kanada da Jamus da Italiya da Suwidin da Birtaniya, ya samu kusan kashi 12 cikin 100 na manya suna da alamunta, maza da mata, kuma tana ƙaruwa da shekaru. Ƙaruwa da shekaru ba ta nufin duk wanda ya tsufa dole ta same shi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe, wato rashin wani dalili, shi ne inda aikin likita yake, kuma shi ne ake tsallakewa idan aka yi saurin cewa sanyi ne. Dole a duba sukari, saboda ciwon suga da ba a gano ba yana kawo yawan fitsari da ƙishirwa. Dole a shuka fitsarin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, kuma a yi hakan kafin a fara kafso, ba bayan an sha ba. A duba ko akwai jini a ciki, domin jini na iya nuna tsakuwa ko ƙari a mafitsara, haka kuma a yankinmu ba a mantawa da tsargiya ga duk wanda ya yi mu'amala da ruwan dam ko na noman rani irin na Kura da Kadawa. Ana kuma ɗaukar hoton mara bayan mutum ya gama fitsari don a ga ko akwai saura, tunda mafitsarar da ba ta juyewa gaba ɗaya ita ma tana kawo yawan zirga-zirga, kuma maganinta daban ne. Ga maza ana duba furostet, wato ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsara wanda ya kewaye bututun fitsari. Ga mata ana bambanta wannan da zubar da ke zuwa lokacin tari ko atishawa ko dariya, wadda rauni ne na tsokokin ƙasan mara bayan haihuwa, sannan a bambanta shi da yoyon fitsari, wanda shi huda ce, fitsarin na zuba dare da rana ba tare da an ji matsuwa ba.

Kafin ku je asibiti akwai abin da zai fi kowane bayani amfani ga likita. Ƙanwarka ta sami littafin rubutu, ta yi kwana 3 tana rubuta lokacin da Hajiya ta sha wani abu da adadinsa, lokacin da ta yi fitsari da kimanin yawansa a wani mazubi da aka ware, da kuma lokutan da ya kufce mata. Ku tafi da littafin da dukkan kwalayen magungunan da take sha. Ku nemi sashen likitocin mafitsara ko na mata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, sannan akwai Cibiyar Abubakar Imam wadda ita aikinta ke nan.

Matakin farko na magani kuma ba ƙwaya ba ce, horar da mafitsara ne. Idan matsuwar ta zo, maimakon ta zabura, sai ta tsaya cak ko ta zauna, ta matse tsokokin da ake riƙe fitsari da su 'yan lokuta a jere har guguwar ta lafa, sannan ta tafi a hankali. A kowane mako ana ƙara tazarar da ke tsakanin zuwa da zuwa da kamar minti 15, har a kai awa 3 ko kusa da haka. Ana ba wannan horo aƙalla mako 6 kafin a ce ya yi ko bai yi ba, atisayen tsokokin ƙasan mara kuwa aƙalla wata 3. A nan ne mutane da yawa suke sarewa, domin an saba da ciwon da ake yi wa allura yau a miƙe gobe.

Hajiya Yaya, Kurna

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ni da kaina nake ɗauke da wannan larura, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Ina sayar da atamfa da leshi a gida, kuma sarin kaya yana kai ni Kantin Kwari. Wanda bai sani ba zai ɗauka wahalar ita ce zubar fitsarin, alhali babbar wahalar ita ce lissafin da mutum yake kwana yana tashi da shi. Kafin in fita sai na tsara hanya bisa gidajen 'yan'uwa da zan iya tsayawa, in zaɓi zane mai duhu, in saka wani a jaka tare da ƙunzugu da leda. Idan Adaidaita Sahu ya maƙale a cunkoson Ƙofar Mazugal ko wajen Fagge, sauran fasinjoji suna ƙorafin zafi, ni kuwa ina matse ƙafafu ina salati. A cikin kasuwa maza suna da gidan wanka a kowane lungu, mace mai shekaruna kuwa sai ta yi ta jin nauyin tambaya. Ga turare da mutum zai yi ta fesawa saboda zargin kansa, ko da babu wanda ya ji komai.

Sista ta yi gaskiya a kan horon, amma ina so in ƙara abu biyu daga abin da na gani. Na farko, ku hana Hajiya ƙaurace wa ruwa. Fitsarin da ya yi kauri ya yi ja ya fi tsokanar mafitsara, sannan rashin ruwa yana kawo taurin bayan gida, shi kuma yana danne mafitsarar ya ƙara matsuwar. Abin da likitata ta ce shi ne in rarraba shan a yini, kaɗan-kaɗan, in tsagaita kamar awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Abin da ya kamata a rage shi ne goro da shayi mai kauri da kofi da lemon kwalba, kuma ni barin goro ya fi mini wuya fiye da duk sauran, amma na ga bambanci.

Na biyu shi ne maganin. An rubuta mini oxybutynin, kuma gaskiya ya rage matsuwar, sai dai bakina ya bushe har harshena yana manne wa ganɗa, tuwo ba ya haɗiyuwa sai da ruwa, karatun Alƙur'ani da ɗan tsawo ya gagara. Abin dariyar shi ne maganin da aka ba ni don in rage fitsari shi ya sa nake ta kurɓar ruwa. Da azumi ya zo cikin zafi na ajiye shi, sai da na koma aka canza mini wani mai sauƙi a jiki amma mai nauyi a aljihu. Shawarar da zan ba ku ita ce a ajiye mata fo mai murfi a ɗaki da dare. Za ta ƙi da farko, ta ce ita ba yarinya ba ce, amma faɗuwa a tsakar gida cikin duhu ga mai shekara 60 na iya zama karayar ƙugu, wannan kuwa ya fi kunyar fo nesa ba kusa ba.

Malam Sani mai harhaɗa magunguna, Zoo Road

Abin da Hajiya Yaya ta faɗa game da ajiye magani ba nata ba ne ita kaɗai. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna fiye da rabin waɗanda aka ɗora a kan wannan rukunin magunguna suna dainawa kafin shekara ta zagayo, ko dai saboda illolin, ko saboda sauƙin bai kai yadda suka sa rai ba. Idan haka ta faru a inda inshora ke biya, sai a auna yadda abin zai kasance ga wanda yake cirewa daga aljihunsa kowane wata.

Rukunin farko su ne oxybutynin da tolterodine da solifenacin da ire-irensu. Suna toshe saƙon da ke sa tsokar mafitsara ta matse, to amma irin wannan saƙon ne yake sa yawu ya fito, hanji ya motsa, ido ya daidaita gani, jiki ya yi gumi. Shi ya sa ake samun bushewar baki da taurin bayan gida da dishi-dishin gani, kuma raguwar gumi ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ba a ba mai wani nau'in hawan jinin ido, ba a kuma ba wanda fitsari ke saura a mafitsararsa, domin yana iya toshe shi gaba ɗaya har sai an saka roba. Ga tsofaffi akwai ƙarin damuwa, saboda oxybutynin musamman yana ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa ya kawo ruɗewa da mantuwa, kuma wani babban bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019 ya samu alaƙa tsakanin daɗewa ana shan wannan rukuni da ƙaruwar haɗarin ciwon gigin tsufa. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar cewa maganin ne sanadi ba, amma ta isa ta sa likita ya yi taka-tsantsan. Abin takaicin shi ne wanda ya fi araha kuma ya fi samuwa shi ne wanda ya fi waɗannan illolin.

Rukuni na biyu sabo ne. Mirabegron, wanda Amurka ta amince da shi a 2012, yana sassauta tsokar ne ta wata hanya daban, don haka bai cika busar da baki ba, sai dai yana iya ɗaga jini, ba a kuma ba wanda hawan jininsa ya yi tsanani bai daidaita ba. Tunda mahaifiyar Abban Khadija tana da hawan jini, wannan magana ce tsakaninta da likitanta da na'urar awo. Yana da tsada, kuma ba kowane shagon magani ne yake ajiye shi ba. Idan ƙwayoyi sun gaza akwai allurar Botox mai sassauta tsoka da ake yi a jikin mafitsara ta hanyar na'urar leƙe, wadda aka amince da ita don wannan larura a Amurka a 2013; aikinta na ɗaukar kamar wata 6 ko fiye sannan a sake, kuma wasu kan kasa fitsari na ɗan lokaci har su riƙa saka wa kansu roba. Akwai kuma motsa jijiyar da ke kusa da idon sawu da ɗan lantarki, minti 30 sau ɗaya a mako har mako 12. Waɗannan na ƙarshe aikin ƙwararru ne masu kayan aiki na musamman, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Ina roƙonka, Abban Khadija, kada ganin waɗannan sunaye ya sa ka je ka sayo da kanka. Haka kuma a dakatar da kafson nan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi wa tsokar mafitsara komai, illa dai ya koya wa ƙwayoyin da ke jiki turjiya, ta yadda ranar da ciwon sanyin gaske ya zo za a nemi abin da zai kashe shi a rasa. A ganina wannan ce babbar ɓarnar da ake yi a wannan larura a garin nan, kuma mu masu sayar da magani muna da kaso a cikinta. Idan an ɗora ta a kan magani, a ba shi kamar mako 4 kafin a yanke hukunci, a koma wurin likita da bayanin illolin maimakon a ajiye shi shiru. Idan kuma kai ma'aikacin gwamnatin jiha ne ko kana cikin wani tsarin inshorar lafiya, ka bincika ko za a iya shigar da ita.

Abu Hafsa, Tudun Wada

Ni ba likita ba ne, ɗalibi ne, amma maganar tarawihi da Islamiyya ta tsaya mini a rai. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan wanda fitsari ke kufce wa ba da ikonsa ba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke karantawa an yi masa sauƙi. Idan zubar tana lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye, ba ta warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace salla, kamar yadda ya zo a Risala. Idan kuwa jefi-jefi take zuwa, ƙasa da rabin lokaci, to tana warwarewa, sai a sake. An kuma yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufa idan kauce masa ya zama wahala ta kullum. Wanne ne halin Hajiya a cikin waɗannan, malamar Islamiyyarsu ce ta fi dacewa ta zauna da ita ta ji dalla-dalla, mace da mace. Littafin kwana 3 da Sista ta ambata zai yi amfani a nan ma. Na san tsofaffin da suka shiga ƙunci suna zaton sallarsu ba ta karɓuwa, suna maimaita alwala har fatarsu ta tsage a lokacin hunturu, alhali tambaya ɗaya za ta sauke musu wannan nauyi. Rangwamen kuma bai ɗauke neman magani ba.

Abban Khadija, Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba kwalayen magungunan Hajiya kamar yadda Sista ta ce, sai na ga biyu ne: amlodipine, da wani wanda a jikinsa aka rubuta hydrochlorothiazide, kuma ƙanwata ta ce dukansu da dare take sha bayan sallar isha saboda a lokacin ne ba ta mantawa. Ƙafafunta kuma sukan ɗan kumbura da yamma. Shin wannan yana da nasaba da tashin daren, kuma za mu iya dakatar da shi mu gani?

Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya

Kada ku dakatar da shi da kanku, Malam, domin hawan jinin da aka saki yana iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Amma lallai abin da ka gano yana da nasaba. Hydrochlorothiazide magani ne mai sa ƙoda ta fitar da ruwa da gishiri, shi ya sa galibi da safe ake shan sa, kuma shan sa bayan isha tamkar kiran fitsarin dare ne. Amlodipine shi kuma an san shi da kumbura ƙafa, ruwan da ya taru a ƙafar da rana kuwa yana komawa cikin jini idan mutum ya kwanta, ƙoda ta tace shi ya zama fitsari. Ku kai wannan bayani ga likitan da yake duba hawan jininta a cikin makon nan, ya yanke ko zai mayar da shan zuwa safiya ko ya canza ɗaya daga cikinsu, kuma ya duba ko kumburin ba daga zuciya ko ƙoda yake ba. Kafin nan ta riƙa kishingiɗa bayan la'asar ta ɗora ƙafafunta a kan matashi na kamar awa guda, ta kuma rage gishiri da dunƙulen miya. Wannan zai iya rage tashin dare, amma ba lallai ya taɓa matsuwar rana ba, don haka ku ci gaba da rubutun kwana 3 ɗin, ku fara shi tun kafin a canza komai don likita ya sami abin kwatantawa. Ranar zuwa asibiti ƙanwarka ta shiga da ita, kai ka jira a waje, domin akwai tambayoyin haihuwa da ɗaukewar al'ada da ba za ta amsa a gabanka ba. Idan kuwa kuka ga jini a fitsarin, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsarin ya tsaya gaba ɗaya, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku tafi sashen gaggawa a ranar.